Ranar da Anatole Ya Kawo Mini Jakata

Na sha jin ku kuna ba abokanku labari cewa Baba ya bar wasan golf ne don mutanen kulob sun raina mu, an yanka musu rago sun ƙi zuwa. Ban taɓa gyara muku ba, don gyaran ya fi mini ciwo da barin kuskuren. Lokacin da abin ya faru kuna Garwa wurin gwaggonku, inda muka tura ku sa'ad da gari ya rikice, kuma da kuka dawo kowa a gidan nan ya riga ya ɗinke bakinsa. To yanzu gemu ya yi fari, ranar wanka kuwa ba a ɓoye cibiya. Gara ku ji daga bakina, don akwai mutumin da kuke zagi a cikin jimla alhali bai cancanci zagi ba.

Wani ɗan Labanan da nake sarin sukari a wurinsa ne ya fara kai ni filin, can bayan gari. Na je don in kyautata masa, sai abin ya kama ni kamar tsohon zazzaɓi. Kada ku ɗauka irin filin da kuke gani a talabijin ne. Namu ciyawa ce da ta ga dama ta fito, ga gidan tururuwa, ga awakin mutane, kusa da kowane rami kuma yashi ne ake zuba wa baƙin mai a daddaɓe don ƙwallo ta gangara. Wasan ba wuya a faɗe: ka bugi 'yar farar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, ka wuce rami na gaba, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Lahadin farko na kowane wata muke gasa. Akwai likitoci, akwai ma'aikatan gwamnati, akwai 'yan kasuwa, amma daga unguwarmu ta Musulmi, Kilomita Biyar, ni kaɗai ne. Kuma ban taɓa shigo da sandunana unguwa ba, a ma'ajiyar kulob nake barin su, saboda bakin Yaya Malam, yayana, babanku babba.

"Mutum da girmansa, da hajjinsa," in ji shi, "ya rufe kanti ya tafi daji yana bin ƙwan zabo da sanda. In ka rasa aikin yi ka zo ka share masallaci."

A can na haɗu da Anatole. Gajere ne mai tumbi, yana da kantin magani a unguwar Lakouanga, shi ya sa nake kiransa Boka. Shi kuma yana kirana Aladji Deuxième, wato Alhaji Na-biyu, kuma ba ƙarya ya yi mini ba, don kullum bayansa nake zuwa a gasa. Na fi shi ƙarfin bugu nesa ba kusa ba, ƙwallona kan wuce tasa har in juyo in ɗaga masa hannu. Amma da an zo kan yashin nan sai ya tsuguna kamar kwaɗo, ya karkatar da kai, ya kanne ido ɗaya yana karanta gangaren ƙasa, ya tashi ya taɓa ƙwallo a hankali ta tafi ta faɗa rami. Ni kuwa in yi ta kewaya ramin ina salati. Muna zagin juna da Sango, harshen garin, tun daga ramin farko har na ƙarshe, kuma in ɗayanmu bai zo ba, ɗayan ba ya jin daɗin wasa. In lokacin azahar ya riske mu a fili, shi yake tsayawa ya kore mini awaki har in sallame.

Kulob ɗin yana da wata al'ada tun kafin mu shiga. Wanda ya ci gasar wata, Lahadi mai zuwa shi zai ciyar da kowa a gidansa. Wanda ya zo na biyu kuma shi zai ɗauki jakar sandunan gwanin a kafaɗarsa, ya taka da ita har ƙofar gidan, ya ajiye a gaban jama'a ya ce, "Ga kayanka, maigida." Sai a yi shewa, a zauna a ci abinci. Ban san sau nawa na ɗauki jakar Anatole ba. Har karnukan layinsu sun san ni. Matarsa, Madam Odile, ta ware mini tukunya ta daban, kajin ma wurin mahaucin Musulmi take aika a yanka saboda ni. Duk da haka, duk lokacin da na ajiye jakar nan na ce "Ga kayanka, maigida," sai in ce a zuciyata: Allah Ya nuna mini ranar da wannan gajeren zai faɗa mini haka a ƙofar gidana.

Da fitina ta zo, wasa ya tsaya, komai ya tsaya. Ba zan ba ku wannan labarin a nan ba, kun san abin da kuka sani. Abin da ya shafi maganata shi ne, bayan ƙura ta fara lafawa aka koma fili, ni ma na koma, amma garin bai koma yadda yake ba. Mutanen sauran unguwanni ba sa shigowa Kilomita Biyar, mu ma ba ma fita sai da addu'a. Masu babur suna sauke mutum a bakin iyakar unguwa su juya. A mashigin layinmu samarin unguwa sun gitta katako da tayoyi suna gadi, kuma ban ga laifinsu ba, don kowannensu ya binne wani nasa. A cikin wannan hali ne, bayan shekaru ina zuwa na biyu, Allah Ya ba ni rana. Ƙwallon Anatole ta leƙa ramin ƙarshe ta fasa shiga, tawa ta shiga. Na yar da sanda na yi rawa, ni Alhaji guda, a gaban mutane.

Da muka zauna a rumfar kulob, sai na ga fuskoki sun sauya. Shugabanmu, wani tsohon alƙali, ya yi gyaran murya ya ce ko za a yi walimar a nan kulob, tunda yanayi bai gama daidaita ba. Maganar hankali ce. Amma a kunnena sai ta zama kamar an ce gidana bai kai a taka shi ba. Na ce na ci abinci a gidan kowa a nan, nawa gidan ma yana da ƙofa. Kowa ya ce to, to, za a zo. Da aka watse Anatole ya ja ni gefe.

"Aladji, ni zan zo, ko duniya za ta tashi. Amma jakar nan, mu bar ta zuwa wani lokaci. Ka bi ni bashinta."

"A'a, Boka. Da nake ɗaukar taka ba ka taɓa cewa a bari ba. Yau da abin ya zo kanka ne ka tuna da yanayi?"

Ya dube ni, ya yi 'yar dariya, ya ce, "Shi ke nan. Ka tanadi mai ɗaukar hoto."

Na dawo gida kamar wanda aka naɗa wa sarauta. Uwarku, Hajiya Rabi, ba ta san bambancin golf da langa ba, amma da ta ji manyan gari za su zo gidanta sai ta ɗaure ɗamara. Aka sayo rago, aka ari kujeru, aka kafa rumfa a ƙofar gida. Ta kira matan maƙwabta, aka kwaɓa masa, aka dafa shinkafa, har ngunza ta sa aka yi, miyar ganyen rogon nan, da gozo, tuwon rogo, don ta ce kada baƙi su rasa abin da suka saba. Ni kuma na bi layi ina faɗa wa duk wanda na gani cewa Lahadi alƙali zai zo, likitoci za su zo. Abu ɗaya ne ban faɗa wa kowa ba, maganar jaka. Ina so ya zama abin mamaki, kuma ba na so Yaya Malam ya samu abin yin wa'azi tun kafin ranar. Samarin gadi ma na ce musu kawai baƙi za su zo a motoci, su buɗe musu hanya.

Ranar Lahadi tun da hantsi waya ta fara ƙara. Wannan matarsa ba lafiya, wancan motarsa ta ƙi tashi, alƙali kuma an kira shi taron gaggawa. Ina amsawa da "ba komai". Kujeru na jere babu kowa, maƙwabta suna wucewa suna yi mini sannu da aiki, sannun da ta fi zagi ciwo. Uwarku ta leƙo daga zaure.

"Alhaji, a zuba abinci ko a dakata?"

"A dakata."

"Masa in ta huce ba ta da daɗi."

"Na ce a dakata!"

Ina tsaye ina duban hanya sai ga wata mai soya makala, irin fanken nan, a bakin layi ta taho a guje, zaninta a hannu.

"Alhaji, yi sauri! Sun kama wani da jakar bindigogi, sunanka yake ta kira!"

Ban san lokacin da na zubar da takalmana ba. Na tarar da mutane sun yi da'ira daga nesa, kowa na shirin gudu. A tsakiya ga Anatole a durƙushe kan tsakuwa, cikin rana, hannuwansa a ka. An yage masa riga daga wuya, tabaransa na ƙasa ya fashe, leɓensa na jini. Mai babur ya sauke shi a iyaka, ya tako da ƙafa shi kaɗai, doguwar baƙar jaka a kafaɗa, an rufe samanta da murfin ruwan sama, ƙarafa na ƙara a ciki duk takun da ya yi. Yaran nan ba su taɓa ganin jakar golf ba. Ya ce musu kayan wasa ne, ya ce su buɗe su gani, amma babu wanda ya yarda ya taɓa ta, suna tsoron kada ta tashi da su. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai suka danne shi ƙasa da duka a bayan gwiwa, suka bar shi a nan suna gardamar abin da za a yi da shi. Wanda ke tsaye a kansa da gora kuwa Habu ne, ɗan Yaya Malam, ɗan'uwanku, wanda ni na yi masa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi.

Na ture su, na zuge jakar, na juye ta. Sanduna suka zube, fararen ƙwallaye suka gangara cikin ƙura, ɗaya ta je ta tsaya a ƙafar Habu. Can wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya, uwarsa ta make masa baki. Ni dai da ƙasa za ta tsage da na shige. Na kama Anatole zan ɗaga shi. Ya miƙe da ƙyar, ƙafar dama ba ta taka sosai. Ya lalubi tabaransa ya sa a aljihu. Sai na ga ya sunkuya yana tsince sandunan ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa cikin jaka. Na kai hannu zan karɓa, ya janye.

"Ba mu kai ƙofar gida ba tukuna, Aladji."

"Don girman Allah, Anatole, ka ba ni."

"Kai ka ci, ni na zo na biyu. Wuce gaba."

Haka muka bi layin nan, ni a gaba ba takalmi, shi a baya yana ɗingishi da jakata a kafaɗa, unguwa gaba ɗaya na kallo. Na yi shekaru ina roƙon Allah Ya nuna mini wannan tafiya, ga shi an nuna mini. Da muka iso rumfa ya sauke jakar a gaban kujerun da babu kowa, ya gyara yagaggiyar rigarsa, ya ɗan rusuna.

"Ga kayanka, maigida."

Babu wanda ya yi shewa. Daga bayan labule na ji uwarku ta fashe da kuka. Ta aiko da ruwan ɗumi da tsumma da sabuwar rigata ta sallah, kuma ita da ba ta taɓa yi wa baƙon namiji magana ba, ta tsaya a bakin zaure ta ce masa da Sango ya yafe mana, gidan nan bai taɓa wulaƙanta baƙo ba sai yau. Ya ce mata shi yunwa yake ji, kuma ya ji ƙamshin masa tun daga iyaka. Ya zauna cikin babbar rigata da ta yi masa yawa, ya ci da fasasshen leɓe, ya ƙara, ya yaba miya. Can sai ga Yaya Malam ya taho riƙe da Habu a wuyan riga. Mutumin da ko gwamna ba ya tashi wa, ya zo ya zauna a ƙasa gaban Anatole.

"Bawan Allah, wannan ɗana ne. Ga shi, ga gorar. Abin da ka ga dama ka yi masa."

Anatole ya dubi Habu ya ce, "A sara ye ape, ba komai. Ɗana ma yana gadi a layinmu, da Aladji ne ya zo da jakar nan a wannan zamani ban san abin da zai faru ba." Sai ya tura wa yaron kwanon nama ya ce ya taya shi, ragon ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Da la'asar muka raka shi har iyaka, ni da Yaya Malam da dattawan layi. A hanyar dawowa Yaya bai yi mini wa'azi ba. Da ya yi, da na samu sauƙi. Abin da ya ce kawai, "Kai ka ce ya ɗauko ta?" Na ce ni ne.

Gasar wata mai zuwa na je ina jiran a nuna ni da yatsa. Sai na tarar Anatole ya riga ni, yana zaune a rumfa yana ba su labarin walimar da suka rasa: girman ragon, laushin masa, yadda dattawan unguwa suka raka shi kamar minista. Alƙali da sauran suka sunkuyar da kai, suka zo suna ba ni haƙuri ɗaya bayan ɗaya, su suna jin kunyata, ni ina jin kunyar da ta ninka tasu. Wani likita ya tambaye shi ɗingishin me yake yi, ya ce tsufa ne da rashin kallon gaba. Muka shiga fili, aka haɗa mu tare kamar kullum. Ya zage ni a ramin farko, na kasa ramawa. Da muka zo kan yashi ya yi yunƙurin tsugunnonsa na kwaɗo, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Ya buga a tsaye, ƙwallo ta wuce rami. Haka ya yi ta yi har ƙarshe, mutumin da ba a taɓa cin sa a kan yashi ba. A ramin ƙarshe, da ƙwallonsa ta shiga, na durƙusa don in ciro masa ita, sai na ji na kasa tashi. Na zauna a kan gwiwoyina hawaye na zuba a yashi. Ya dafa kafaɗata, ya yi ƙasa da murya.

"Tashi, Aladji, ana kallonmu. Gwiwar mutum ɗaya ta isa wannan magana."

Daga ranar ban sake taka filin ba. Babu wanda ya kore ni, babu wanda ya raina ni. Na kasa jure ganinsa yana ɗingishi yana kuma yi mini wasa, shi ke nan. Da ya yi fushi, da ya kai ƙara, da ya faɗa wa duniya, da na san yadda zan biya. Amma ya rufa mana asiri ruf, ni da Habu da unguwa baki ɗaya, ya bar ni ba inda zan ajiye kunyata. Duk Asabar ɗin da ke gaban gasa sai ya bugo waya ya ce, "Aladji Deuxième, gobe akwai wasa, babu wanda zan zaga." In ce masa bayana ke ciwo, ko kaya sun iso daga Duwala. Ya ce to, sai wata mai zuwa. Bai taɓa fasa kira ba, ni kuma ban taɓa rasa uzuri ba. Uwarku takan ce, "Alhaji, mutumin nan ya yafe, kai ne ka ƙi karɓa." Gaskiya ta faɗa. Na ɗauka nisantarsa ladabi ne, ashe na ƙara masa wani rashin ne a kan na gwiwa. Shekaru suka tafi a haka, har wata Asabar ta zo waya ba ta yi ƙara ba.

Na je zaman makoki a Lakouanga, karo na farko da na taka layin ba tare da jaka a kafaɗa ba. Madam Odile na zaune a kan tabarma cikin mata. Da ta gan ni ta miƙo hannu biyu, ta ce kullum yana maganata, yana cewa a duk gidajen da ya ci abinci bai ga karamci irin na gidana ba. Ta ce ƙafar nan dai ba ta sake daidai ba har ya koma ga Ubangijinsa, a ƙarshe ma da sanda yake tafiya. Sai ta share ido, ta dube ni da fuskar da babu komai a cikinta sai kulawa.

"Aladji, lambatun nan na ƙofar gidanka da ya faɗa a ciki, ka sa an rufe shi kuwa? Kada wani ya sake jin ciwo."

Ashe ko ita bai faɗa wa gaskiya ba. Na ce, "An rufe, Madam."